Hannu a Kafaɗar Abu Halil

Ku 'ya'yan Yaya Usman, na san abin da aka faɗa muku game da ni. An ce muku akwai ranar da Baffanku Muntaƙa ya kama hannun kakanku a gaban dattawa, a benen wani masaukin alhazai a unguwar Shisha ta Makka, ya fizge shi, ya kuma ɗaga masa murya. An ce karatun jami'a ne ya hau mini kai. Abu ɗaya ne gaskiya a ciki: na kama hannunsa. Ban fizge ba, ɗagawa na yi. Ban kuma ɗaga murya ba, domin a wannan lungu ko raɗa aka yi sai kowa ya ji. Ba neman afuwa nake yi da wannan babi ba, domin har yau ban ga abin da zan nemi afuwa a kansa ba. Ina so ne ku san kafaɗar wane ne hannun yake kai, ku kuma san abin da ya taɓa sauka a kan wannan kafaɗa kafin hannun kakanku. Na san Larabci ya fi muku sauƙi a baki, amma na zaɓi Hausa, domin da Hausa aka karkata labarin, da ita kuma ya kamata a miƙe shi.

Kakanku, wanda kuke kira Sidi, mu kuma muke kira Baba, ya yi suna a unguwarmu ta Hindawiyya da abu biyu. Na farko tsire, wanda Larabawan unguwa suke yi wa layi a ƙofar shagonsa tun daga la'asar. Na biyu sulhu. Idan wa da ƙane suka daina gaisawa, ko surukai suka yi zafi, ko maƙwabta suka kai ga rufe wa juna ƙofa, wurin Baba ake zuwa. Yana da hanyarsa guda wadda ya gada daga dattawan Kano, ba ya kuma sauya ta. Zai tara manya uku ko huɗu, kowa ya sa farar riga, a tafi gidan wanda aka ɓata wa bayan la'asar. A bakin ƙofa sai a tura wanda ake ganin shi ne da laifi gaba, dattawa su jeru a bayansa, Baba ya ɗora masa hannun dama a kafaɗa, ya ce ya ƙwanƙwasa ya yi sallama da bakinsa. Hujjarsa ita ce wanda aka ɓata wa yana buƙatar ya ji muryar mai laifi ta yi laushi, sannan ya buɗe ƙofa ya ga fuskokin da ba zai iya kunyatawa ba. Hannun da ke kafaɗa kuwa saƙo biyu yake ɗauke da shi: ina tare da kai, kuma babu inda za ka juya. Ba na raina wannan hanya. Da idona na ga ta ɗinke gidajen da alƙali ba zai iya ɗinkewa ba.

A shekarar da nake ba ku labari na dawo daga Kano da takardar digiri a kan harshen Hausa, babu aiki, babu alamarsa. Baba yakan gaya wa abokansa cewa ya tura ni har Najeriya in koyo harshen da Inna take yi kyauta a ɗakin girki. Don haka na zauna a shago ina yanka albasa, ina ɗaure tsire a takarda, in buƙata ta taso kuma in yi tafinta, domin Larabcin Baba na ciniki ne, yana ƙarewa daidai inda magana ta fara tsawo.

A nan na san Abu Halil. Bafalasɗine ne, mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, dogo, siriri, gashinsa ya yi fari kafin lokacinsa. Shi yake kula da babban firijin naman Baba, wanda 'yan shago suke kira tallaja, shi ne kuma yake gyara na gida. Iyalinsa suna can ƙasarsu, a wani ƙaramin gari a Gaɓar Yammacin Kogin Jodan, shi yana nan da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, yana aika musu abin da ya samu. Mutum ne mai hannu a aiki, marar yawan magana, amma yana da wasu halaye da unguwa ta mayar abin raha. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. In ya zo gida ya tarar da ita a rufe, sai ya koma can ƙarshen lungu ya tsaya da akwatin kayan aikinsa har wani ya fito, ko da rana za ta dafa shi. Ba ya tafiya a gaban kowa. In kuka jera sai ya rage sauri har ka wuce shi. A masallaci sahun ƙarshe yake nema, jikin bango. Kunnensa na dama kuma ba ya ji, sai ka zagayo ta hagu. Kawu Sale, ƙanen Inna, wanda ba ya ganin abu ya ƙyale, shi ya laƙaba masa suna Mai Tsoron Ƙofa, yana cewa wataƙila a garinsu ƙofofi cizo suke yi. Muna dariya. Ni ma na yi.

Azumin wannan shekara ya zo daidai da ruwan bama-bamai a Gaza. Talabijin ɗin da ke maƙale a bangon shago ba ya mutuwa. Wata rana tsakanin la'asar da magariba, ana jera nama a tsinke, masu sharhi suna ta musu a allo a kan mayar da fararen hula garkuwa, wannan ɓangare yana zargin wancan, wancan yana mayar da zargi. Abu Halil yana tsugune a bayan tallaja yana aiki. Kawu Sale ya ajiye tsinke ya ce shi fa abin da bai gane ba ke nan, ƙato da gemunsa a ce masa shige gaba, shi kuma ya shige. Ya ce namiji sai ya tsaya ya ce a harbe shi a nan, kuma duk wanda ya yarda aka laɓe a bayansa, da saninsa aka yi. Wani daga cikin ma'aikata ya tuna masa cewa shi da yake wannan cika baki, ko motar jawazat, masu kamen baƙin haure, ya hango daga nesa, bayan wannan tallajar yake shigewa duk da iƙamarsa tana aljihu. Shago ya ɗauki dariya.

Abu Halil ya ɗago kai. Ya ji an ambaci Falasɗinu, ya ga ana nuna allo, ya tambaye ni me kawuna ya ce. Baba ya yi mini alama da ido in sassauta. Ban saba rage wa magana nauyi in an ba ni amanar fassara ta ba, don haka na faɗa masa yadda aka faɗa. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, ya zauna a kan akwatinsa, ya ce in fassara musu abin da zai faɗa, kada in rage, kada in ƙara.

Ya ce shekarun baya ne a garinsu, da safe, rana ta fito sarai, yana tsakar gida yana ba bishiyar lemo ruwa, sai sojojin mamaya suka diro ta kan rufi. Suka tara matarsa da 'ya'yansa a ɗaki guda, suka tsayar da soja a ƙofar ɗakin, shi kuma suka fito da shi titi. Ɗaya ya riƙe wuyan rigarsa ta baya, ya ɗora bakin bindiga a kan kafaɗarsa ta dama, kamar yadda ake ɗora ta a kan katanga. Sauran suka jeru a baya. Haka suka tasa shi har ƙofar maƙwabcinsa Abu Ziyad, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, wanda suka tashi tare tun suna yara, matansu suna miƙa wa juna gishiri da man zaitun ta kan wannan katanga. Ziyad, babban ɗan gidan, saurayi ne da ya kusa aure. Abu Halil ne ya riƙe shi ranar da aka raɗa masa suna. Ko Ziyad suke nema, ko wani dabam, ko gidan kawai suke so su shiga, har yau bai sani ba. Duk layin ya yi tsit, kowa ya san ba a buɗe ƙofa a irin wannan safiya. Sai sojan da ke riƙe da shi ya ce masa da gurɓataccen Larabci ya kira sunan yaron, ya ce shi ne, ya ce shi kaɗai ne.

"Na ce, Ziyad, ni ne, baffanka. Buɗe, ni kaɗai ne," in ji Abu Halil. "Ya buɗe domin muryata ce. Da muryarsu ce, da bai buɗe ba."

Daga kan kafaɗarsa aka yi harbin. Tun ranar kunnen bai sake ji ba. Yaron ya faɗi a bakin ƙofarsu, hannunsa bai ma saki mariƙin ƙofar ba. Ba su bar Abu Halil ya durƙusa a kansa ba. Suka juya shi, suka ci gaba da tasa shi gida gida har rana ta take tsaka. Da suka gama da shi, ɗaya daga cikinsu ya miƙa masa gorar ruwa, ya ce ya koma gida.

Babu wanda ya motsa a shagon. Nama yana hannun mutane, tsinke yana ɗaya hannun. Abu Halil ya juya wajen Kawu Sale, amma ni ya yi wa magana.

"Gaya wa kawunka na yi tunanin in ce a harbe ni a nan. Amma 'ya'yana suna ɗaki, da soja a ƙofa. Gaya masa ya zaɓar mini, tunda shi ya iya. Ni har yau ban gama zaɓa ba."

Na fassara. Ban rage ko kalma ba. Sauran labarin daga baya na ji shi, kaɗan kaɗan. Abu Ziyad bai taɓa zarginsa da baki ba. Ranar ta'aziyya dai da Abu Halil ya miƙa masa hannu, mutumin ya dubi ƙasa, mai zuba gahawa kuma ya tsallake shi. Aka daina miƙa komai ta kan katanga. Ya yi shekaru yana jin tarin maƙwabcinsa ta bango ba su haɗa ido ba, har zaman ya gagare shi, ya bar gari.

A nan zan tsaya in faɗi abin da ke raina, domin tun ranar bai bar ni ba. Garkuwa a wurin kakanninmu fatar dabba ce da aka jeme ta bushe, abin da ba shi da rai, ba shi da 'ya'ya a ɗaki. Wanda ya ɗauki mutum mai numfashi ya tsayar da shi a wannan matsayi ya riga ya yanke hukunci cewa wannan mutum fata ce. Ban damu da tutar da ke hannun rigar wanda ya laɓe ba. Ko wane ne shi, ko da sunan me ya yi, matsoraci ne da ya ari jikin wani don ya tsare nasa. Amma abin da aka yi wa Abu Halil ya wuce aron jiki. Muryarsa aka ara. Amanar da ya tara a layinsu tun yana yaro, gaisuwa bayan gaisuwa, ita aka ɗauka aka buɗe ƙofa da ita kamar mabuɗi, aka kashe yaro, aka jefar da mabuɗin a titi. Wanda ya yi harbin ya koma gidansu ya ci abinci. Aka bar tsofaffi biyu da katanga a tsakaninsu, ɗaya ya rasa ɗa, ɗaya ya rasa fuskar da zai dubi ɗan'uwansa da ita. Sannan mu, a inuwa, a ƙarƙashin fanka, muna jera nama, muna yanke masa hukuncin yadda namiji ya kamata ya mutu.

Da aikin Hajji ya zo, matar Abu Halil ta gaya masa ta waya cewa Abu Ziyad yana cikin alhazan garinsu, an sauke su a wani bene a Shisha. Abu Halil ya rikice. Ya ɗaura wayar wuta a inda ba wurinta ba, ya manta akwatinsa a shagonmu, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya matsa masa da tambaya har ya faɗa. Na ga fuskar Baba ta yi haske irin na mai sana'a da ya ga aikinsa ya zo. Ya ce Allah ne ya kawo su gari ɗaya, garin da ko tsuntsu ba a tsoratarwa, kuma ba zai bar wannan dattijo ya hau jirgi ba a daidaita ba.

A gida na yi masa magana, cikin ladabi, ina tsugune. Na ce sulhun da ya saba yi tsakanin mai laifi ne da wanda aka yi wa, to a nan wa za a kai a matsayin mai laifi? Wanda ya yi laifin ba ya Shisha, ba ya Makka. Inna, da take tsince shinkafa a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, Alhaji a bi a hankali, wannan ba rikicin kasuwa ba ne. Baba ya juyo gare ni.

"Wanda ya yi laifin ba zai zo ba har a tashi duniya," ya ce. "Sai mu zuba ido mutum biyu su mutu ba sa magana, don kai kana jiran mai laifi?"

Har yau ina ganin akwai gaskiya a tambayarsa. Abin da na samu kawai shi ne alkawari: ziyara za a je, ta barka da sauke farali, ba a kai kowa ban haƙuri ba. Da wannan sharaɗi aka gaya wa Abu Halil, ya amince, domin yana jin nauyin Baba, kuma ina jin shi ma zuciyarsa tana can.

Bayan an sauko daga Mina, kafin alhazai su fara tashi, muka ɗauki tasi bayan la'asar: Baba, Kawu Sale, wasu dattawa biyu abokan Baba, ni, da Abu Halil rungume da kwalin dabino. Na lura duk sun sa fararen riguna irin na zuwa sulhu. Benen cike yake da kaya, jakunkuna da jarkokin zamzam sun toshe na'urar hawa, don haka muka bi matakala. Lungun da ɗakin yake siriri ne, mutum biyu ba sa jerawa, silifa a ƙofar kowane ɗaki, tawul ɗin harami a shanye a kan igiya. Abu Halil yana can baya kamar kullum.

Ba wanda ya shirya abin da ya faru, wannan ina so ku riƙe. Girmamawa ce ta jawo. Da muka isa ƙofar, dattijon da ke gaban Abu Halil ya matsa jikin bango ya ce masa bismilla, ai kai ne ɗan gari. Na gaba ma ya matsa, bismilla. Kawu Sale ya kama gwiwar hannunsa ya miƙa shi gaba. Kafin in ankara ya zama shi ne a gaban ƙofa, mutum biyar a jere a bayansa cikin matsatsen lungu. Hannun Baba kuwa ya riga tunaninsa. Abin da ya yi shekara da shekaru yana yi, shi ya yi: ya ɗora hannun dama a kan kafaɗar dama, ya matsa, ya ce da Larabcinsa na kasuwa ya kira sunan mutumin, ya ce shi ne.

Kwalin dabino ya faɗi. Na ga hannuwan Abu Halil suna tashi a hankali, tafin a buɗe, har suka kai daidai kunnuwansa. Wuyansa ya sandare. Leɓunansa suna motsi, babu sauti. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa cikin ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi zaton addu'a yake yi, ya ɗaga nasa hannun ya ce amin. Baba ya ɗauka kunya ce irin wadda ya saba gani a bakin ƙofa, sai ya ƙara matsa kafaɗar, ya ce masa ya daure, duk suna nan a bayansa.

Na kutsa tsakanin Kawu Sale da bango. Na kama wuyan hannun mahaifina, hannun da ban taɓa riƙewa ba sai don in sumbata, na ɗaga shi daga kan kafaɗar.

"Baba, ɗauke hannunka," na ce. "Ku dubi yadda kuka tsaya."

Ba zan manta kallon da ya yi mini ba. Sai ya dubi hannunsa a cikin nawa, ya dubi kafaɗar, ya waiwaya ya ga jerin mutanen da ke bayansa, na ga lokacin da abin ya isa zuciyarsa, domin fuskarsa ta zube. Kawu Sale ya fara cewa kai Muntaƙa ubanka ne fa, amma bai ƙarasa ba. Akwai wanda yake tsaye a kan matakala a bayanmu duka, ban san tun yaushe ba: wani gajeren tsoho da darduma a kafaɗa, mabuɗin ɗaki rataye a wuyansa. Ashe Abu Ziyad ne, ɗakin babu kowa. Masallaci ya tafi. Ba mu yake kallo ba. Bayan Abu Halil yake kallo, da hannuwan nan biyu a sama.

"Mahmud," ya ce. "Sauke hannunka."

Sunan Abu Halil na yanka ne, wanda mu ba mu taɓa sani ba. Abu Halil bai motsa ba. Dattawa suka manne da bango, tsohon ya ratsa mu ɗaya bayan ɗaya bai dubi kowa ba. Bai tsaya a gabansa ba, bai tsaya a bayansa ba. Ya zagaya ta hagunsa, wajen kunnen da yake ji, ya maimaita a hankali. Hannuwan suka sauko. Tsohon ya sa mabuɗi ya buɗe ƙofar, ya shiga, bai ce shigo ba, bai kuma rufe ba. Ya bar ta a wangale. Abu Halil ya daɗe a tsaye yana kallon cikin ɗakin, sannan ya sunkuya ya cire takalmansa.

Muka sauko muka bar su. A cikin tasi Kawu Sale ya ce alhamdu lillahi, sulhun Alhaji bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, sai dai a yi wa yaran zamani addu'a. Baba ya juya fuska wajen taga. Yana riƙe da wuyan hannunsa na dama da hannun hagu har muka isa Hindawiyya.

Labarin da ya zaga unguwa shi ne na Kawu Sale, shi ne kuma ya iso kunnenku: Alhaji ya haɗa Falasɗinawa biyu da suka yi shekaru ba sa magana, ɗansa kuma ya ci masa fuska a gaban manya. Na biya kuɗin wannan labari. Wani mai hidimar alhazai da ya yi alkawarin ɗauka ta aikin tafinta ya aiko cewa ya sami wani, daga baya na ji ya ce ba zai sa yaron da ba ya jin nauyin ubansa a gaban baƙin Allah ba. Dattawan da nake gaisarwa suka koma amsawa da ka. Mafi ciwo, Baba ya daina yi mini magana. In na gaishe shi zai amsa, shi ke nan. Ya daina cin abinci da ni a kwano ɗaya. Ban san ko fushi yake da ni ba, ko kunyar abin da na gani yake ji, shi ma ina jin bai sani ba.

Abin da ya gudana a ɗakin, Abu Halil ya gaya mini a taƙaice wata rana muna ɗaga firiji. Ya ce sun sha shayi. Ba su rungumi juna ba, ba a ambaci yafiya ba, ba a ma ambaci sunan Ziyad ba. Tsohon ya ce masa duk shekarun nan, in ya rufe ido, fuskarsa yake gani a bakin ƙofa, domin daga cikin gida ita kaɗai ya hango. A lungun nan ne karo na farko ya ga bayansa. Sannan ya tambaye shi ko kunnen ya warke. Bayan alhazai sun koma, matar Abu Halil ta ce wata safiya ta tarar da kwanon zaitun a kan katanga. Ban sani ba ko yafiya ce, ko tausayi, ko gajiya ce kawai ta tsufa. Ba ni da hurumin sa mata suna.

Akwai masu ce mini, to ai ga shi hanyar Alhaji ce ta yi aiki, da ba a tsayar da shi haka ba, da tsohon bai gani ba. Wannan magana tana ƙona mini rai fiye da ta Kawu Sale. Ba a mayar da mutum cikin mafi munin safiyar rayuwarsa don a sami sakamako mai kyau, ko da ba da gangan ba, balle a dawo ana yabon dabarar. An riga an yi amfani da shi sau ɗaya don buɗe ƙofa. Kuma duk wannan wahala da muka sha, mu da su, a lungun wani bene a Shisha, gyaran ɓarnar wani muke yi, wanda ba a taɓa tsayar da shi a ƙofar kowa ba, ba a taɓa ɗora masa hannu a kafaɗa an ce ya yi sallama ba.

Kakanku bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Amma mahaifinku ya raka shi wani sulhu bayan wannan, ya dawo yana mamaki. Ya ce Baba ya tsayar da mai laifin a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ya sallami sauran dattawa su jira a ƙasa, shi da kansa ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, hannunsa ɗaya kuma yana cikin aljihu har aka buɗe.

Ni kuwa bai sake yi mini magana ba sai da watan Mauludi ya kama. Firijin gida ya daina sanyi, Inna ta sa aka kira Abu Halil. Ina zaune a falo da littafi, Baba yana kan darduma yana jan carbi, kowa yana yi kamar ɗayan ba ya nan, kamar yadda muka saba a watannin nan. Sai ya tsayar da carbin. Bai dube ni ba.

"Muntaƙa," ya ce, "tashi ka buɗe ƙofa, ka tokare ta da turmi. Mutumin nan yana hanya. Kada ya zo ya same ta a rufe."